Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Zaɓen Darussa Da Neman Shiga Jami'a

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, mutumin Bagega kuma malamin kimiyya, ya gabatar a wajen taron shekara na ƙungiyarmu, a gaban ɗaliban babbar sakandare da iyayensu.

 

Sa'ad da Sakataren ƙungiya ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan zaɓen darussa da neman shiga jami'a, sai na yi dariya, domin na san abin da ya sa aka zaɓe ni. A cikin waɗanda muka gama tare a 1998 akwai waɗanda suka fi ni ilmi nesa ba kusa ba, ga su nan zaune. Amma babu wanda ya kai ni shan wahala a kan wannan al'amari, saboda haka bari in fara da kaina.

Da muka shiga aji ɗaya na babbar sakandare, aka ce kowa ya rubuta darussan da zai ɗauka. Ni burina in karanta ilmin haɗa magunguna. Na rubuta Bayoloji, na rubuta Kemistiri, da na zo kan Fiziks sai wani abokina ya ce mini ai wannan lissafi ne zalla, kuma malamin ma an yi masa canjin wurin aiki, ba a san ranar da za a kawo wani ba. Nan take na soke Fiziks na sa ilmin Tattalin Arziki a gurbinsa. Abin bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Ban shawarci kowa ba, mahaifina kuwa, Allah ya jiƙansa, manomi ne, abin da ya sani shi ne ya sayar da gero ya biya kuɗin makaranta. Bayan shekara uku na fito da kiredit bakwai, gari ya ɗauka, ana ta zuwa yi wa tsohuwata barka. Na yi jarrabawar JAMB na sami maki mai kyau. Na jira sunana ya fito, shiru. Na sake yi a shekara ta gaba, shiru. Sai da na yi tattaki har jami'ar, wani ma'aikaci mai kirki ya karɓi takarduna ya duba, ya ce, "Samari, ina Fiziks ɗinka?" Na ce ban yi ba. Ya miƙo mini takarduna ya ce ko da na ci maki ɗari huɗu cif babu wanda zai ɗauke ni wannan kwas. A ƙarshe ta kwalejin ilmi na bi, na yi NCE, sannan na shiga jami'a a aji biyu. Alhamdu lillahi, ban yi nadamar zama malami ba. Amma shekara biyun nan da na yi ina zaman jira a gida, alƙalamin da na soke Fiziks da shi ne ya ci su.

To, wannan shi ne kan maganata. Yawancinmu muna tsammani ana zaɓen abin da za a karanta a jami'a ne ranar da aka je cike fom ɗin JAMB. A gaskiya an riga an gama zaɓen tun makon farko na aji ɗaya na babbar sakandare, lokacin da yaro yake ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar, yana bin bakin abokinsa. Ranar cike fom ana girbin abin da aka shuka ne kawai.

Bari in yi wa iyaye bayanin yadda abin yake, domin na lura da yawansu suna jin nauyin tambaya. Ƙofa biyu ce yaro zai bi. Ta farko ita ce jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko ta NECO, wadda aka kafa a 1999, watau mu a zamaninmu ba mu same ta ba. Yaro yakan zauna darussa takwas ko tara. Sakamako daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit. D7 da E8 an tsallake amma jami'a ba ta lissafa su, F9 kuwa faɗuwa ce. Jami'a tana neman kiredit biyar, a zama ɗaya ko biyu, kuma akwai jami'o'in da a kwas irin na likitanci ba su karɓar sai na zama ɗaya. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ba kowane biyar ba ne. Biyar ne da suka dace da kwas ɗin da ake nema. Ƙofa ta biyu ita ce jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. A nan darussa huɗu ne kacal: Turanci dole, sai uku da kwas ɗin ya tanada. Dole ne huɗun nan da biyar ɗin can da kuma kwas ɗin da aka rubuta a fom su yi daidai da juna kamar murhu mai duwatsu uku. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Alal misali, mai neman likitanci ko aikin jinya ko haɗa magunguna, Bayoloji da Kemistiri da Fiziks zai zauna tare da Turanci, kuma a sakandare sai ya haɗa da kiredit a Lissafi. A nan ina jan kunnenku: darasin Aikin Gona ba ya tsayawa a madadin Bayoloji ga mai neman likitanci, ko da ya ci A1. Mai neman injiniya, Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai neman Tattalin Arziki ba ya tsere wa Lissafi. Mai neman lauya ya riƙe Adabin Turanci da kyau, domin na ga yara da dama masu kaifin baki da suka yar da shi saboda ƙyuyar karanta littattafan, daga baya suka dawo suna cizon yatsa. Wanda kuma ya nufi ɓangaren shari'ar Musulunci ya kula da Larabci ko darasin Addinin Musulunci. Waɗannan ƙa'idoji sukan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, kuma akan yi musu kwaskwarima, shi ya sa JAMB take fitar da kundin bayanin kwasa-kwasai, wanda yanzu a intanet ake samunsa. Kundin shekarar da za ka zauna shi ne alƙali, ba abin da yayanka ya tuna daga zamaninsa ba, ba kuma abin da mai shagon kwamfuta ya ga dama ya latsa maka ba.

Yanzu in juyo gida. Duk yaron da na tambaya a ajin kimiyya me yake so ya zama, sai ya ce likita. Madalla. Na san dalilin da ya sa yaron Bagega yake faɗin haka, kuma ba na raina shi. Ku da ke aji biyu da aji uku a yau, kuna goye ko kuna rarrafe lokacin da masifar gubar dalma ta bayyana a 2010. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Aka bincika aka gano duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa, cike suke da dalma, ƙurar kuma tana sauka a tsakar gida inda yara ke wasa suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, Allah ya sa masu ceto ne. Garinmu, da yake shi ne mafi girma a cikin wuraren da abin ya shafa, shi ya fi daɗewa yana jira, sai a 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin aka share shi.

Iyaye da ke nan za su tuna abin da likitocin suka riƙa faɗa a lokacin jiran nan: ba za su fara ba yara maganin fitar da gubar ba sai an tsabtace ƙasa, domin in an ba yaro magani ya koma gidan da ƙurar take, an yi aikin baban giwa. Ku lura da wannan. Likita yana nan, magani yana nan, amma dole ya jira wasu mutane. Su wa ya jira? Ya jira masu auna ƙasa da na'urar hannu su faɗi yawan dalmar da ke kowane tsakar gida. Ya jira masana muhalli, irin na kamfanin TerraGraphics na Amurka da ma'aikatan jiha, su tsara yadda za a kankare saman ƙasa a kwashe, a binne inda ba za ta shiga ruwa ba, a zuba sabuwa. Ya dogara ga masu gwajin jini a ɗakin bincike, da ma'aikatan jinya, da masu bi gida-gida suna yi wa mata bayani da Hausar da za su gane. Daga baya kuma aka bukaci masu sanin duwatsu da haƙar ma'adinai su nuna yadda za a sarrafa dutsen a jiƙe, nesa da gari. A cikin masu riƙe da na'urorin nan, 'yan ƙasar nan nawa ne? Mu dai galibinmu shebur da baro muka riƙe.

Ina faɗin wannan ne domin ku san ajin kimiyya ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Guraben likitanci kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai, kuma a nan ake neman maki mafi tsada. Yaron da ya riƙe Turanci da Lissafi da Kemistiri da Fiziks da Bayoloji, ya ƙara da Labarin Ƙasa, yana da mabuɗin ilmin duwatsu da ma'adinai, wanda ake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Yana da mabuɗin Kemistiri, da gwaje-gwajen asibiti, da aikin gona, da injiniyancin haƙar ma'adinai irin wanda ake yi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Zinariya tana ƙarƙashin ƙafarmu. An hana haƙarta a faɗin jihar nan a 2019, an ɗage hanin a ƙarshen 2024, kuma ko an hana ko an bari, wata rana dole a yi aikin nan bisa ilmi. Zai yi ciwo a ce ranar nan ma 'ya'yanmu lebura za su yi.

Kada 'yan ajin adabi su ce na manta da su. Wani abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake tura yaro ajin kimiyya don kawai ya zo na ɗaya, wanda ya zo baya kuma a ce ya tafi adabi, kamar horo. Wannan kuskure ne da mu malamai muke da hannu a ciki. Akwai yaron da Allah ya ba shi harshe da alƙalami, in ka tilasta masa Fiziks sai ka rasa lauya ka kuma rasa injiniya. Wanda ya karanta Hausa a Jami'ar Bayero ko a Sakkwato ko a Zariya digirinsa digiri ne, kuma kun san gidajen rediyon Ingila da Jamus da Faransa da ke watsa shiri da Hausa ba aljanu ke aiki a cikinsu ba.

Sai maganar nauyin karatu, wadda ita ce rabi na biyu na abin da aka ce in yi magana a kai. Darasi tara kaya ne. Masu rubuta littattafan shawara a birni suna ɗauka yaro in ya tashi makaranta ba shi da aiki sai karatu. Namu ba haka yake ba. Akwai Islamiyya da yamma, akwai ɗiban ruwa da itace, 'yan mata ga daka ga raino ga talla. Jarrabawar WAEC takan kai har watan Yuni, ta NECO ta biyo bayanta a Yuni da Yuli, daidai lokacin da ruwa ya sauka uba yana bukatar kowane hannu a gona. Ga kuma ramin zinariya yana kiran yaro, yana ganin sa'ansa ya sayi babur. A kan wannan duka sai ga rashin tsaro. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da aka sace 'yan matan Jangebe, aka kuma rufe makarantun jihar nan baki ɗaya a watan Satumba. Yaron da ya yi karatu a wannan hali ya fito da kiredit biyar, wallahi ya cancanci a tashi tsaye a gaishe shi.

Tun da lokaci bai isa ba, dole a san inda za a zuba shi. Shawarata ita ce, kada ka raba ƙarfinka daidai wa daida a kan darussa tara. Ka san biyar ɗinka, ka rubuta su a bangon littafinka. Su za ka ba lokacin da kanka ya fi sanyi, watau bayan sallar asuba kafin hayaniyar gida ta tashi. Sauran huɗun ka halarci aji, ka yi aikin gida, ka bi su a ƙarshen mako, amma kada ka kwana kana haddar darasin da ka riga ka iya don yana yi maka daɗi, alhali Lissafi yana can yana jiranka. Wannan ita ce cutar da na fi gani: yaro yana gudun abin da ke ba shi wuya, yana ta maimaita abin da ke masa sauƙi, yana ganin ai karatu yake yi. Kiredit bakwai da babu Turanci a ciki, ko babu Lissafi ga ɗan kimiyya, ado ne kawai. Shi Lissafi ba a karanta shi kamar labari, da fensir ake yinsa, tambaya biyar kullum ta fi hamsin a daren jarrabawa. Turanci kuma, wanda shi ne ya fi kayar da yaranmu, ba ya shiga sai da karatu a bayyane da rubutu; ku sami abokai uku ko huɗu, kowa ya rubuta wasiƙa ko insha'i a mako, ku yi musaya ku gyara wa juna, ku kai wa malami.

Haka nan kada kwaɗayi ya sa ka ɗebo darussa daga kowane ɓangare wai don kada wata ƙofa ta rufe maka. Taura biyu ba ta taunuwa. Na ga mai Kemistiri babu Fiziks, da ilmin Gwamnati babu Adabi, da Kasuwanci babu Akanta. Ya taɓa ko'ina, bai cika ko'ina ba.

Akwai wata magana da nake so malamai 'yan'uwana su ji, ina kuma roƙon iyaye su yi mini uzuri. Likitoci sun tabbatar dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami, kuma tasirinta kan bi shi har girma ta fuskar riƙe karatu da natsuwa. A cikin azuzuwanmu akwai waɗanda suka sha wannan guba suka rayu. In ka ga yaro yana ƙoƙari amma abin yana zame masa, kada ka yi saurin kiransa daƙiƙi ko malalaci. A rage masa kaya, a tsaya a kan darussa takwas maimakon tara, a maimaita masa, a duba inda hannunsa ya fi kyau. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da Kwalejin Ilmi ta Maru da makarantun koyon aikin lafiya duk hanyoyi ne na mutunci, kuma mai difloma ko NCE mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, kamar yadda na yi. Akwai kuma shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi.

Game da ita kanta jarrabawar JAMB, tun 2015 a kwamfuta ake yinta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce a cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimlar maki 400. In kun raba za ku ga kowace tambaya daƙiƙa 40 ta samu. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar, bayan ya kwana a tasha a Gusau, rabin lokacinsa a rawar hannu zai tafi. Ba wani abu mai wuya ba ne, 'yan maɓallai kaɗan ne ake latsawa, amma sai an saba. Tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Ku yi ta tun kuna aji biyu, ku tabbatar sunan da ke kanta da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardun makaranta harafi da harafi. Wanda yake Muhammad a nan, Mamman a can, Muhammadu a wata takardar, zai sha zirga-zirga. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ma a adana layin, kada a ba ƙane ya yar.

Wajen zaɓen jami'a a yi amfani da hankali. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayensu, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin zamani, Zamfara kuwa tana cikinsu. Wannan ba abin alfahari ba ne, amma haƙƙinku ne, kuma yana nufin ɗan Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya fi samun dama a Sakkwato ko a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, fiye da wata jami'a mai nisa da ya zaɓa don sunanta. Ga kuma jami'ar jiha a Talatar Mafara. Mu a zamaninmu babu ko ɗaya a jihar nan. Bayan sakamako ya fito, a riƙa leƙa shafin JAMB, domin tun 2017 ta nan ake ba da gurbi, kuma sai ɗalibi ya latsa ya karɓa da kansa. Akwai waɗanda aka ba su gurbi suna zaune a gida ba su sani ba har lokaci ya wuce.

Wani zai ce, to ai akwai wuraren da ake biya a rubuta wa yaro amsa. Akwai. Ni malami ne, na ga waɗanda suka shigo da A1 a Kemistiri ba su san alamar dalma a jadawalin sinadarai ba. Shekara ɗaya jami'a take ba su ta sallame su, kuɗin gero ya tafi, suna kuma ya ɓaci.

Daga ƙarshe, Shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya, kuma ina so a rubuta shi a cikin rahoton taro. Mun saba mu tara kuɗi mu sayi kofi da agogon bango mu ba wanda ya zo na ɗaya. Ba laifi. Amma ina ba da shawara a makon farko na kowace sabuwar shekarar karatu, mutum uku ko huɗu daga cikinmu, ɗan kimiyya da ɗan adabi da ɗan kasuwanci, da mace aƙalla ɗaya saboda ƙannenmu mata, su zo su zauna da 'yan aji ɗaya kafin su miƙa takardar zaɓen darussa. A buga shafukan kundin JAMB da suka shafi jami'o'in da ke kusa da mu a ajiye a ofishin Mataimakin Shugaban Makaranta. In kuma an wayi gari babu malamin Fiziks ko na Adabin Turanci, a sanar da mu a cikin wannan zangon, kada a bari sai yara sun kai aji uku. A cikinmu akwai masu iya ɗaukar alli ranar Asabar, akwai kuma masu iya biyan alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa. Ni na ɗauki Kemistiri na aji biyu da aji uku, Asabar biyu a kowane wata, daga zango mai zuwa in Allah ya kai mu. Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa ga duk wanda zai sa sunansa.